Akuyar Gidan Waya da Yajin Goggo

Jiya da dare mafarki ya kai ni wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa ya koma gajimare, kowa na tafiya da lema a kife ƙarƙashin ƙafa. Ina zaune a shagon ɗinkina, wanda aka gina a kan bishiyar mangwaro, sai ga Tanimu, telan da ya shekara shida yana ƙyashin keken ɗinkina, riƙe da wasiƙa.

"Daga Goggonka Delu," in ji shi.

Wasiƙar ta ce a ba Tanimu keken ɗinki yau. A ƙasa an rubuta 4471. Keken nan shi ne cina da shana, kuma ban taɓa tsallake maganar Goggo ba.

Sai kawai ga mu a gidan waya. Shugabar wata akuya ce mai tabarau. Aikinta tauna wasiƙa, ta tofo ta a bushe, sannan ta faɗi lamba.

"Wasiƙa ɗaya, lamba ɗaya," in ji ta. "Ko ɗigo aka canja, lambar ta canja."

Ta tauna, ta tofo. "4471. An tabbatar."

Tanimu ya tallabi kekena, keken ya fara kuka. Ni ma saura kaɗan.

"Ranki ya daɗe," na ce, "wa ya kawo miki ita tun farko, kika ba ta wannan lambar?"

"Ba na duba fuska. Kowa ya kawo, zan tauna."

"To, in mutum ya rubuta ƙarya ya kawo fa?"

"Sai in ba ƙaryar lambarta." Ta gyara tabarau. "Ni dai na san ba a taɓa takardar ba bayan na tauna. Wanda ya rubuta ba ruwana."

A nan na tuna da ƙullin yajin da ke aljihuna. Goggo ce ta daka, ta raba biyu, rabi nata rabi nawa, kuma duniya ba wanda ya san haɗinsa. Ta ce duk wasiƙarta da shi za a tauna.

Na barbaɗa a kan takardar. Akuya ta tauna, hawaye ya zubo mata ya yi sama.

"9028."

"Ba ita ce a rubuce ba," na ce. "Da Goggo ce, wannan lambar za ta sa."

Tanimu ya ruga kasuwa ya dawo da buhun yaji iri arba'in, ko zai dace da haɗin Goggo. Ya barbaɗa na farko, lamba daban. Na biyu, daban. A na goma sha bakwai akuya ta nemi hutu, ta ce a rubuta keke nawa ne. Keken ya sauka daga hannunsa, ya biyo ni da ƙafa. Daɗi ya kama ni har na yi wa akuyar alkawarin riga.

Ƙarar taɓarya ce ta tashe ni. Na leƙa tsakar gida, sai ga matata Uwani ta gama dakan yaji tana miƙa kwano ta kan katanga.

"Ungo, matar Tanimu, haɗin Goggo ne. Zo in faɗa miki abin da ake sawa."