Faifai Biyar a Ranar Makoki

A Kudan, a layin da ke bayan firamare, katanga ɗaya ce ta raba gidan Paulina da na Adama. Shekara talatin da ɗoriya suna maƙwabtaka. Wannan ta tafi coci, waccan ta yi sallarta, amma gishiri da daddawa ta saman katangar nan suke wucewa, har wurin ya yi sulɓi. Ko Zulaihatu, 'yar farin Adama, Paulina ce ta yanke mata cibiya.

To, a shekarun nan na soja da man fetur ya yi wuya, Timoti ɗan Paulina, mai aiki a Kaduna, ya zo Kirsimeti da wata baƙar rikoda mai lasifika biyu. Ba ta cin kaset. Wani faranti take turowa waje mai gurbi biyar, a jera mata faya-fayan sidi, ta haɗiye abinta. Ya cika mata biyar cif.

"Mama, ke dai kada ki taɓa komai," in ji shi. "Na saita ta, da an kawo wuta za ta tashi da kanta."

Ya kuma ƙure mata murya, don kunnen uwar tasa ya fara nauyi.

Faifan farko waƙoƙin zumuntar mata ne na coci, kuma shi kaɗai Paulina ta sani. Wutar lokacin ba ta cika awa guda a unguwar, kafin faifan ya ƙare an ɗauke. In an dawo da ita, ya sake daga farko. Ita a zatonta kamar kaset ne, in ya kai ƙarshe ya yi ƙas ya tsaya. Kuma kun san halinmu, in an ɗauke wuta ba ma kashe komai, don mu san sa'adda ta dawo.

Ana nan, Malam Sani mijin Adama ya kwanta jinyar kwana huɗu, Allah ya yi masa rasuwa. Ranar farko Paulina ce tsaye kan tukwane har magariba. Washegari da sassafe ta ce ba wanda zai sayo geron gumbar sadakar uku sai ita. Ta garƙame ƙofar gidanta, ta ƙulle makulli a bakin zane, ta nufi Makarfi.

Wajen ƙarfe goma, maza na zaune bisa tabarmi a ƙofar gidan marigayi, ana karɓar gaisuwa, sai ga wuta. Sai ga muryoyin mata sun tashi daga gidan Paulina, da kiɗan tulu da caki.

Lawal, ƙanen marigayi, ya ce, "A yi haƙuri, na Maman Timoti ne. Yanzu za a ɗauke."

Ranar kuwa ba a ɗauke ba.

Aka daure awa guda, faifan ya ƙare, aka yi tsit. Liman ya ce, "Madalla," ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Sai aka ji ƙurrr, ƙas, kamar ana juya murfin tukunya. Ashe sauran huɗun Timoti nasa ya zuba. Kiɗan Kwango ya ɓarke, jita na kuka, wani ƙato na ihu da yaren da ba mai ji. Liman ya ɗaga murya, ƙaton ya fi shi. Baƙin da suka zo daga Malikanchi suka dubi juna.

"Wai biki ake yi a nan gidan?" in ji ɗayansu.

"Ba kowa ciki, Alhaji," in ji Lawal.

"To wa ke sauya mata faifan?"

Aka duba ƙofar, a garƙame take. Ɓalle ƙofar maƙwabciya kuma abin kunya ne, ballantana wadda ta tafi hidimarka. Aka ce a jira wannan ya ƙare. Ya ƙare, na uku ya kama. Sai da na huɗu ya fara, bayan azahar, Lawal ya tattare babbar riga, mutum mai furfura, ya taka turmi ya haura katanga, ya zare fis ɗin mitar wutar gidan. Ya sauko da gwiwa a ƙuje.

Paulina ba ta samu mota ba sai la'asar, ita ma ta rake ce, a baya aka ɗora ta. Tun a bakin layi Hassana mai ƙosai ta tare ta, ta zayyana mata komai, har da kwaikwayon ihun ƙaton. Paulina ta sauke buhun gero daga kanta a hankali.

"A gaban liman?"

"Yana tsakiyar addu'a."

"Maman Zulai ta ji?"

"Haba! Ai ko na tasha sun ji."

Ta ce wa Hassana ta miƙa geron gidan makoki. Ita kuwa ta shige gida ta rufo. Aka yi sadakar uku, ba ta leƙo ba. Kullum ta yafa gyale ta kai zaure, ta tuna matar nan zaune cikin takaba ana kaɗa mata jita a ka, sai ta juyo. Ta naɗe rikodar cikin tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado. A waje kuwa magana ta fara tsami. Wasu na cewa in ba da gangan ba ne, me ya hana ta fitowa? Hassana na kawo mata rahoto, tana ƙara shigewa ɗaki.

Ran kwana shida Zulaihatu ta yi sallama.

"Mama, Inna ta ce in kema kin mutu a faɗa mata, a haɗa zaman wuri ɗaya."

Paulina ta bi ta, ido na ƙasa. Ta tarar da Adama a ƙuryar ɗaki bisa tabarma, ta rame, carbi a hannu. Ta durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Maman Zulai, ya haƙuri?"

"Da godiya. Daga wane gari?"

"Allah ya jiƙan Malam."

"Amin. Na ce daga wane gari? Ko Kwangon kika tafi?"

Hawaye suka zubo wa Paulina. "Ban san abin da yaron nan ya zuba ciki ba. Ni na farkon kawai na sani. Da wane ido zan dube ki?"

"Da wanda kika saba." Adama ta ajiye carbin. "Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji haushi. Ranar na ce da kina kusa da na shaƙe ki. Amma kiɗa ai ya yi ya wuce, Lawal ya kashe shi. Ke fa? Kwana huɗu duk wanda ya ɗaga labulen nan sai na ɗago kai. Matan Janfalan sun zo, na Ikara sun zo, ke da ke jin tarina ta katanga ba ki zo ba. Mijina ya tafi, sai ki bi shi da tafiya?"

"Kunya ce, 'yar'uwa."

"Ki kai ta kasuwa ki sayar."

Zulaihatu ta yi dariya, ta toshe baki da mayafi. Sannan ta ce, "Mama, ki yi mata faɗa. Tun shekaranjiya ba ta ci abin kirki ba."

Paulina ta share fuska, ta dubi kwanon tuwon da ke gefe a rufe, ko taɓa shi ba a yi ba. Ta jawo shi ta buɗe.

"Wannan miyar wa ya yi?"

"Hassana."

"Shi ya sa." Ta miƙe. "Bari in ɗora wata."

Adama ta kamo bakin zanenta. "Zauna. In kin fita ban san ran dawowarki ba. Zulai, kawo mata ruwa ta wanke hannu. Ni ba na iya ci ni kaɗai."

Paulina ta gyara zama, ta gutsiri loma, ta tura kwanon gaban Adama.