Kafin Yaɓe Ya Bushe

Sai da Maharazu ya gama yaɓe gaban zauren kaf, ƙasa mai kauri tun daga dokin ƙofa har sama, sannan mai gidan ya faɗi ainihin abin da yake so a zana masa. Wannan kuwa mugunta ce tsagwaronta, domin ɗanyen yaɓe ba ya jiran kowa, balle a zafin bazara.

"Mutum za ka yi mani," in ji Mamuda. "Yayana Dawuda. Shina tsaye, da huskarshi."

Maharazu ya yi 'yar dariya don ya ɗauka wasa ne, ya duba ya ga shi kaɗai yake yi, sai ya haɗiye abarsa.

Shi dai Maharazu mai zanen bango ne, mazaunin Kankiya, ba ya ƙarƙashin kowa. Kayan aikinsa ba su wuce tsohon cokali da 'yar wuƙa da yatsunsa ba, kuma duk inda aka kira shi can ne wurin aiki. Ya yi wa masu sarauta dagi da takobi, ya yi wa fataken gyaɗa keke da agogo a goshin zaure. Gonarsa ba ta taka kara ta karya ba, sunansa ne ke ciyar da shi. A kasuwar Kankiya Mamuda ya tare shi ya ce yana da sabon zaure a Yashe, ya zo ya ƙawata masa, bai ƙara ko kalma a kai ba.

Mamuda kuwa, wanda mutanen Yashe ke kira Kofur, yana cikin sojojin da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Su biyu suka tafi da wansa, shi kaɗai ya dawo. Tun dawowarsa ake kauce masa a hanya, saboda ya taɓa karya wa wani hannu don kawai ya yar da garwa a bayansa ta yi ƙara.

"Kofur, ai ka san ba a yin surar mai rai," Maharazu ya ce cikin lallashi. "Bari in yi maka dagi wanda ba a taɓa gani ba ƙasar Kusada."

"Ban kira ka don dagi ba."

Sai aka yi gyaran murya daga gindin durumin da ke fuskantar gidan. Modibbo ne, limamin unguwar, yana zaune a kan buzu da carbi a hannu, kuma babu abin da ya wuce kunnensa.

"Maharazu, ka san hukuncin wanda ya yi surar mutum, ba sai na karanta maka ba," in ji shi. "Ni ba ni hana ka da sanda. Amma ba ni sake taka zauren ga, kuma in an tambaye ni Kankiya ko Kusada wa ya yi, gaskiya za ni hwaɗi."

In Maharazu ya zana mutum, babu musulmin da zai sake miƙa masa bangonsa, ga kuma zunubin da shi kansa yake tsoro. In ya ƙi, ga Kofur tsaye tsakaninsa da hanyar gida. Ya tsoma buhunan gyaɗa a ruwa ya rufe yaɓen da su, ko ya samu ɗan jinkiri, sannan ya tsuguna ya ɗauki tsinke. Haka yake yi da kowane mai gida mai wuyar sha'ani: ya zana a ƙasa tukuna, inda gyara ba ya cin komai.

Ya zana hular soja. Mamuda ya sa takalmi ya murje.

"Kowa na da ita can."

Ya zana galma da damin gero. Aka sake murjewa.

"Yashe duka manoma ne."

"To a rubuta sunanshi bisa ƙohwa, da ajami mai kyau. Allah gafarta Malam sai shi rubuta mani in kwaikwaya."

Modibbo ya ɗaga kai alamar ya yarda. Amma Mamuda ya sunkuyo ya damƙi wuyan hannun Maharazu, damƙar da ta sa tsinken ya faɗi.

"Sunanshi ban manta ba!" ya daka masa tsawa. "Ka ji na ce na manta sunanshi?"

Mamuda ya saki hannun a hankali, kamar bai san lokacin da ya kama ba. Da ya sake magana, da ƙyar ake jinsa.

"Huskar ce ta tahi. Ni na rufe shi da hannuna cikin dajin can, cikin ruwan sama. In na runtse ido sai in ga yadda ya koma ran nan, ba yadda yake ba. Da ina iya ganinshi shina dariya. Yanzu ko hakan ya ƙi zuwa."

Tausayi ya kama Maharazu, amma tsoronsa ya ninka, domin yanzu ya gane cewa ko da ya yarda ya sayar da lahirarsa, aikin ba zai yiwu ba. Bai taɓa ganin Dawuda ba, babu hotonsa, kuma mai ba da umarnin ma ya kasa tuna shi. Duk da haka ya yi ta tambaya, tunda tambaya ce rabin sana'arsa. Dogo ne? Dogo ne. Baƙi ko wankan tarwaɗa? Kamar ni. Hancin fa? Jijiyar wuyan Mamuda ta miƙe.

Maharazu ya lura da inuwar mutum a cikin zauren, bayan ƙyaure. Inna Fadimatu ce, mahaifiyarsu.

"Inna, ina wuni," ya ce yana rusunawa. "Ko za ki taimake mu da kamannin marigayi?"

"Ni ban san kamar kowa ba," aka amsa daga ciki.

Mamuda ya yi wata dariya mara daɗi. "Ɗan hwarinta ne. Ba ta taɓa kiran sunanshi ba, ba ta taɓa kallonshi gaban mutane ba. Da na kawo mata labarin ma, cewa ta yi Allah shi jiƙan musulmi, ta ci gaba da tankaɗe."

Ba rashin so ba ne, kowa ya sani, kunyar ɗan fari ce irin ta iyayenmu. Sai dai a ranar nan Maharazu ya ji haushin kunyar har cikin ransa.

Ya ɗaga gefen buhu ya leƙa. Saman yaɓen ya fara yin fari-fari. In ya bushe sai an sassaƙe shi duka an sake kwaɓa wata ƙasar, kuma Kofur bai yi kama da mai jiran sabon kwaɓi ba. Shi ma ya ga farin. Ya shiga zaure ya fito da diga a hannu.

"In ba shi bisa bangon ga, ba ni son bangon," in ji shi. "Kai kuma da ka zo ka ɓata mani rana, sai mu ga da wace ƙahwa za ka koma Kankiya."

"Mamuda, ka ji tsoron Allah," Modibbo ya ce yana miƙewa.

"Na ji, Malam. Zauna."

Maharazu yana da wata ɗabi'a in aiki ya cije masa: sai ya yi ta ja da baya har ya yi nisa, ya kanne idanu har komai ya dushe, ya ga abin da ya rage. Ƙafafunsa ne suka fara yin haka da kansu, wataƙila kuma da niyyar gudu a ciki, Allah masani.

"Ina za ka?" Mamuda ya yi tsawa.

"Tsaya nan, Kofur. Don Allah tsaya inda kake."

Ya kai gindin durumi, ya kanne ido. Zauren ya zama dunƙulen ja, ƙofa ta zama baƙin rami, Mamuda a tsakiya. Idanunsa sun ɓace, hancin ya ɓace. Abin da ya rage a fuskar shi ne askar gidansu, dogayen tsagen da suka taso daga gefen goshi suka gangaro zuwa baki, gumi ya kwanta a cikinsu yana ƙyalli. Da wannan ai ake gane mutum daga nesa a kasuwa, tun kafin a ga ƙwayar idonsa.

"Kofur, wanzami ɗaya ya yi maku aska kai da shi?"

"Wanzamin gidanmu ɗaya ne."

"To aje digar, ka tsaya gehe inda rana ke haska ka. Kada ka motsa."

Bai ajiye digar ba, amma ya tsaya. Maharazu ya yaye buhunan, ya watsa ruwa, ya hau tsani. Sama ta riga ta yi tauri, sai da ya sa gindin cokali da ƙarfi. Ya ja layi na farko daga can ƙarƙashin rufi, ya lanƙwaso shi ya sauko da shi bakin ƙofa. Ya waiga ya dubi kuncin Mamuda, ya ja na biyu. Da ya sauko inda ƙasar ke da taushi sai ya yar da cokalin ya koma yatsu, yana tona kwari yana tayar da gefe don inuwa ta samu wurin kwanciya. Ya gama dama ya koma hagu, gumi na shiga masa ido, ƙaiƙayin da ke cikin kwaɓin na yankar masa yatsa. Bai yi ido ba, bai yi hanci ba, bai ko kewaye kai ba. Tsage ne kawai a dama da hagu, ƙofa a tsakiya.

Modibbo ya tako a hankali ya tsaya yana kallo, ya daɗe.

"Mi ne wannan, Maharazu?"

"Layuka ne, Allah gafarta Malam."

"Na ga layuka." Ya dubi kuncin Mamuda, ya sake duban bangon. Dattijon ba yaro ba ne, ya gane sarai. "Ba ido, ba gaɓa, ba abin da za a ce maka ran gobe hura mashi rai. Ban ga abin hani ba."

Maharazu ya ɗauka ya tsira, amma ya yi gaggawa. Mamuda ya ja da baya yana kallon bangon, fuskarsa na ƙara murtukewa.

"Wannan ni ne," in ji shi. "Ni ka zana. Kullum ina ganin wannan cikin ruwan alwala. Na ce maka shi, ka yi mani ni!"

Ya ɗaga digar sama ya nufo bangon, Maharazu kuwa yana tsakani. Dabararsa ta ƙare, ba shi da wata.

"Kauce mani."

Ba Mamuda ba ne ya faɗa. Inna Fadimatu ce ta fito daga zauren, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da lulluɓin saƙi. Ta ratsa tsakanin ɗanta da mai zane kamar ba ta ga diga ba, ta juya ta fuskanci bangon. Ta bi layukan hagu da ido har ƙasa, inda yaɓen ke da sauran danshi. Sai ta sa babban yatsanta a kan layin tsakiya ta katse shi, ta ja shi gefe ya karkace ya haɗe da na kusa da shi.

"Yaron motsi ya yi hannun wanzami ranar aska," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba. "Ina ɗaka na ji kukan ya canza. In ba kowa sai in ɗauke shi in yi ta shahwa wurin, ko ya miƙe. Bai miƙe ba."

Digar ta sauko a hankali har bakinta ya taɓa ƙasa. Mamuda ya yi baya, ya ƙara yin baya, har ya kai inda Maharazu ya tsaya ɗazu.

"Nan ne," ya ce. "In shina dariya nan ne ke lotsawa. Inna, ga shi nan. Wallahi ga shi nan."

Ya durƙushe a wurin, ƙaton mutum, yana kuka da sauti kamar yaron goye. Modibbo ya je ya dafa kafaɗarsa yana karanta addu'a.

Gyaran tsohuwar ya bar gefen layin da kaushi, har da tambarin yatsa. Hannun Maharazu ya miƙa da kansa zai shafe wurin ya daidaita, irin na wanda ya saba, sai ya janye shi ya goge a jikin rigarsa.

Maƙwabta sun fara taruwa, maza da mata, ana leƙe ana ƙus-ƙus. Wata tsohuwa ta matso ta ce, "Fadimatu, shiga ciki mana, ga mutane." Inna Fadimatu ba ta ko waiga ba. Tana nan tsaye cikin rana a gaban kowa, ta ɗaga kai tana kallon ɗanta na fari.