Yatsu Biyar a Ƙarƙashin Gada

A ƙarƙashin gadar sama, inda leburorin gini ke jiran aiki da safe, shebur ne ke riƙe wa mutum layi. Ka zo, ka kwantar da naka a bayan na wanda ya riga ka, ka je ka sha shayinka hankali kwance. Idan motar ɗan kwangila ta tsaya tana neman mutum shida, shebur shida na gaba su ne masu tafiya, ko masu su ƙarti ne ko ramammu. Wannan ita ce doka ta farko.

Ta biyu kuwa ta farashi ce. Ƙarar motocin da ke wucewa a sama ba ta barin a yi ciniki da baki, don haka da yatsu ake yi, kowane yatsa da abin da yake nufi na kuɗi. Ladan yini yatsu biyar ne. Mutum ɗaya ne kawai ke ɗaga hannu a madadin kowa, sauran kuma hannuwansu na baya har a gama.

Mai ɗaga hannun shi ne Guduma. Ba don ƙarfi ake kiransa haka ba, ƙarfin ya daɗe da yi masa sallama. Don bakinsa ne. Dattijo ne gajere mai furfura a gemu, gwiwarsa ta hagu tana ƙara in ya tsuguna, ga shi da zuciya kamar ya ci babu. Ya san sarai babu ɗan kwangilar da zai kalle shi sau biyu in da zaɓe ake yi, shi ya sa kullum yake riga kowa zuwa, shebur ɗinsa ne a gaba. Da dokokin nan biyu yake ciyar da gidansa, kuma wanda ya taɓa su, shi ya taɓa.

Haka ake tafe har aka rufe kamfanin robobin da ke bayan gari. Ba a jima ba sai ga ma'aikatansa sun fara ɓullowa ƙarƙashin gada, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sabon shebur wanda ko takardar kanti ba a ɓare masa ba. Hannuwa sumul, takalma a goge. Suna tsayawa gefe suna kallon agogo, sai ka ce akwai wanda zai buga musu ƙararrawa.

Cikinsu har da mijin ƙanwar Guduma, wanda a da yake kula da inji. 'Yan gada suka laƙaba masa Injiniya don tsokana. Guduma bai taɓa ƙaunar mutumin nan ba. Lokacin da yake ɗaukar albashi, in ya zo gaisuwa sai ya kaɗe kujera da hankici kafin ya zauna, kuma ya taɓa aiko wa Guduma tsofaffin rigunan aikinsa a leda, wai ko za su yi amfani. Amma ƙanwar ta zo har gida ta yi ta roƙo.

"Yaya, don Allah ka rufa mana asiri ka sa shi a layi. Yara sun fara tambayar me ya sa babansu ba ya fita."

"Layi ba nawa ba ne," in ji Guduma. "Ya zo ya ajiye shebur kamar kowa. Amma ki faɗa masa a can ba a ɗaga hannu. Ko ƙuda ne ya sauka masa a hanci, ya bar shi ya gama abin da ya kawo shi."

Layin da a da yake ƙarewa a gindin ginshiƙi na biyu ya miƙe har ya wuce teburin mai shayi ya lanƙwasa. Motoci kuwa ba su ƙaru ba. Na gaba su tafi, na baya su yini suna kallon titi, rana ta take su kwashi kayansu su koma gida. Injiniya gidansa da nisa, duk sammakon da zai yi sai ya tarar da shebur sun yi jeri. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

'Yan kwangila ba makafi ba ne. Akwai wani da ake kira Tabarau, mai farar a-kori-kura, wanda ko gilashin motarsa ba ya saukewa duka. Shi ya fara. Ya tsaya, ya ƙare wa layin kallo tun daga kai har wutsiya, ya yi murmushi, ya ɗaga yatsu huɗu. Guduma ya ɗaga biyar. Tabarau ya ja motarsa a hankali, a hankali ƙwarai, yadda kowa zai samu lokacin yin tunani.

Kwanaki ana wannan wasan. Ran nan da safe Tabarau ya sake ɗaga huɗunsa, Guduma ya ɗaga biyar, sai ya lura idon mutumin ba a kansa yake ba. Ya waiwaya. Can baya, Injiniya ya kai hannu kan hularsa kamar mai gyara ta, babban yatsa a naɗe, huɗu a baje. Na kusa da shi ma ya gyara tasa hular. Kafin a ce me, mutum takwas 'yan kamfani sun ɗare bayan motar, ta tashi ta bar ƙura.

Washegari Guduma ya jira Injiniya. Yana kwantar da shebur ɗinsa, dattijon ya ɗingisa ya je ya ɗauka, ya wulwula shi ya jefa cikin kwalbatin da ke bin gefen titi. Baƙin ruwa ya fantsama.

"Yaya, me na yi maka?"

"Kada ka ƙara ce mini Yaya a nan. Ɓarawo! Ka sa hannu a tukunyar mutum ɗari ka kwashe musu abinci, kana tambayata me ka yi?"

"Wane abinci?" Injiniya bai ja da baya ba. "Tun da na zo wurin nan sau nawa ka ga na hau mota? Biyar ɗin taka a sama take, ni ban taɓa riƙe ta ba. Huɗun jiya kuwa na kai ta gida, an ɗora tukunya."

"Yau huɗu, gobe uku. Jibi kai za ka biya shi don ya bar ka ka ɗauki siminti."

"Kai da sauƙi ka faɗi haka. Kullum kana gaba. Kun yi doka daidai wuyanku, kun ce mu mu mutu a baya cikin ladabi."

"To ka mutu! Mu da ka tarar a nan ba a kan kujera muka tsufa ba."

Wani ƙato cikin samarin gada, wanda ake kira Tirela don buhun siminti biyu yake ɗauka a tafiya ɗaya, ya matso ya tsaya a bayan Guduma ya harɗe hannu. Wasu suka biyo shi. Injiniya ya dube su, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya shiga kwalbatin ya lalubo shebur ɗinsa ana yi masa ihu. Ya tsallaka titi yana ɗigar da ruwa, 'yan kamfani suka bi shi, suka kafa nasu wurin a gaban wani rufaffen shago.

Da yamma ƙanwar ta faɗo gidan Guduma ko sallama babu.

"A kwata, Yaya? Uban 'ya'yana ka sa ya shiga kwata a gaban jama'a?"

"Shi ya kai kansa."

"Wallahi ba ka da tausayi. Tun muna yara haka kake, in ba a yi yadda kake so ba sai kowa ya ji a jikinsa."

"Ki je ki tambaye shi tausayin da ya ji wa masu iyali da ya karya wa farashi."

"Farashi, farashi! Farashin ne ɗan'uwanka, sai ka riƙe shi. Ni dai ƙafata ta bar gidan nan."

Ta fita ta buga ƙofa har labule ya faɗo. Matar Guduma ta ɗauke shi ta mayar. Abin ya yi masa zafi, ƙanwar nan a bayansa ta girma, amma ya haɗiye. Ya faɗa wa kansa ai gaskiya ce a hannunsa, kuma a wannan karon ba ƙarya ya yi ba.

Daga nan titin ya rabu biyu. Motoci suka koma tsayawa a tsallake, inda ake ɗaga huɗu, wasu ranakun ma uku. A ƙarƙashin gada yunwa ta fara magana. Mai shayi ya daina zuba madara sai ya ga kuɗi a hannu. Samari suka fara gunaguni, Guduma yana bin su ɗaya-ɗaya, wannan ya lallashe shi, wancan ya zage shi tas.

"Ku daure. Tabarau zai zuba dakin, wato rufin kankare, a benen da yake ginawa. Kankare ba ya jira, in aka fara sai an gama a yinin, in ba haka ba ya tsage. Waɗancan masu hannun audugar kafin su hau tsani sau goma da kwano a ka sun zube. Zai dawo, ni na faɗa muku."

Ya kuwa dawo. Da sassafe farar motar ta wuce 'yan tsallake ko kallonsu ba ta yi ba, ta zo ta tsaya a gindin gada, tipa na biye da ita don kwasar mutane. Tabarau ya sauke gilashi har ƙasa, ya ɗaga huɗu. Guduma ya ɗaga biyar. Tabarau ya nuna tipar, ya nuna yawan mutanen da zai ɗiba, ya sake ɗaga huɗu. Rabon Guduma da cin abin kirki an kwana biyu, amma bai sauke hannu ba. Bai waiwaya ba, sai dai yana jin numfashin mutanensa a bayansa. Babu wanda ya gyara hula.

Tabarau ya yi tsaki, ya buɗe tafin hannunsa gaba ɗaya.

Ihun da aka yi ya danne ƙarar motocin sama. Tirela ya sungumi Guduma ya ɗaga shi, ana ta "Sai Baba! Sai Baba!" Dattijon ya hango Injiniya a tsallake tsaye da shebur, ya ji wani daɗi mai ɗaci ya ratsa shi. Da aka sauke shi ya sunkuya zai ɗauki nasa, shi ne na farko a layi.

"Dakata, tsoho."

Tabarau ya fito daga mota, abin da bai taɓa yi ba. Ya matso kusa don a ji shi da kyau.

"Biyar kuka ce, na biya biyar. Amma in kuɗin ƙarfi zan biya, ƙarfi zan saya. Ba ruwana da wani layin shebur. Ni zan zaɓa, wanda bai yarda ba ya zauna."

"Ba a zaɓe a nan," in ji Guduma. "Doka ce."

"Dokarku. Kuɗina." Ya miƙa yatsa ta saman kan dattijon. "Kai, ƙaton nan. Kai. Kai mai jar riga. Ku biyun can."

Guduma ya juya ya fuskanci mutanensa, ya buɗe baki zai ce kowa ya tsaya inda yake. Tirela ya kawar da kai, ya tsallake shebur ɗin Guduma, ya je can tsakiyar layi ya zaro nasa.

"Tirela! Ni za ka tsallake?"

"Baba, ka yi haƙuri. Farashi ka ce mu riƙe, mun riƙe. Ni ma ina da masu jirana a gida."

"Munafuki! Ɗazu-ɗazu kake ɗaga ni sama!"

Tirela ya kama ƙarfen tipa ya haye. Sauran suka bi, kowa idonsa na kan yatsan Tabarau, ana turereniya, ana buɗe ƙirji, ana tattake shebur ɗin da ke ƙasa. Har wani mai furfura kamar Guduma ya janyo hula ya rufe kansa ya miƙe tsaye ƙyam. Tipa ta cika ta tashi.

Kafin hantsi wasu motoci biyu suka zo. Labari ya riga ya kai musu. Suka biya biyar ba gardama, suka zaɓi mutanensu. Babu ma wanda ya jira Guduma ya ɗaga hannu. Ya zauna a gindin ginshiƙi tare da tsofaffi huɗu da wani mai tari. A tsallake ma ba a ɗauki kowa ba ranar. Da rana ta take ya saɓa shebur ya kama hanya, gwiwar tana yi masa suka.

Ya tarar da matarsa a tsakar gida ta wanke tukunya ta kife, ta yafa mayafi, kwandon cefane na gefenta. Fuskarta a sake, rabon da ya ga haka an jima.

"Sannu da zuwa, Maigida. Matar mai shayi ta ba ni labari, ta ce kun yi nasara, har ɗaga ka aka yi sama. Ta ce biyar ɗin ta tsaya?"

"Ta tsaya," in ji shi.

"Alhamdulillahi. Ai na san ba za ka bari ba." Ta ɗauki kwandon, ta miƙo masa tafin hannu. "To kawo in yi sauri, kafin yara su dawo daga makaranta."