Kujerar Alƙaliya

Shekara talatin da bakwai Mai Jita ya yi yana kiɗa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Sai ciwon gaɓoɓi ya zo ya lanƙwashe masa yatsu, ko maɓallin riga ba ya iya sawa, balle ya danne tsirkiya. Ya rataye jitar a ƙusa, ya koma neman faɗa da kowa a gidan. Gidan kuwa mutum biyu ne, shi da matarsa, don haka ita ta sha.

Autarsu ce ta kawo magani a cikin kwali. Wani ɗan akwati ne da bai fi rediyo girma ba, da siririn ƙarfe a tsaye ta dama, da wani lanƙwasasshe ta hagu. Ta ce sunansa teramin, wannan na masu koyo ne, kuma ba a taɓa shi. Ka kai hannun dama kusa da ƙarfen da ke tsaye, murya ta yi sama. Ka janye, ta sauko. Hannun hagu kuma shi ke ƙara ƙarfin sautin ko ya rage.

"Kiɗan da ba a taɓawa?" in ji shi. "Yarinyar nan kin raina ni."

"Gwada mana, Baba."

Ya gwada. Abin ya yi kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Madalla," in ji matar. "Da kai kaɗai ke ƙorafi a gidan nan, yanzu kun zama biyu."

Alƙaliya yake ce mata, domin tun suna saurayi da budurwa bai taɓa yin kiɗa ta bar shi babu hukunci ba. Ɗakin nasu ƙarami ne, gado ya cinye rabi, kabad ya cinye saura, kujerarta ta katako ba ta da wuri sai dab da teburin da aka ɗora akwatin a kai. A kanta take zaune ranar da Auta ta jona abin, ta danna wani ɗan maɓalli, ta ce kowa ya tsaya cik. A kanta kuma ta ci gaba da zama kullum da hantsi. In ta miƙa hannu ta ɗauki almakashi, muryar ta karkace, rigima ta tashi. Da ta gaji da rigimar, matar da ba ta taɓa zama babu aiki ba ta koyi ɗora hannu a cinya ta yi shiru.

Akwai wani kiɗa da ya tsara mata tun kafin a haifi Auta. Ita take rera shi a hankali, shi kuma ya bi shi yana lalube a iska. A iska babu alama, babu layi, hannu ne kawai zai riƙe cewa wannan murya tana taƙi ɗaya daga ƙarfe, waccan kuma tana daidai aljihun riga. Wata biyar ya yi yana wannan wahala. Ranar da ya kai ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, ta taɓe baki ta ce, "Ba laifi." A wurinta wannan lambar yabo ce.

Tsofaffin abokan kiɗansa suka shirya wasa a wani ƙaramin ɗakin taro, suka sa shi a ciki. Ta ce a layin gaba za ta zauna, kada ya kuskura ya ba ta kunya. Saura sati shida ta kwanta ciwo. Kwana biyar ta yi a asibiti, Allah ya yi mata rasuwa.

Sai da wata ya kusa cika sannan ya iya kunna abin. Ya kai hannu inda ya saba, wata murya dabam ta fito. Ya matsa, ya janye, ya sake, kiɗan ya ƙi haɗuwa. Tsoro ya kama shi. Yatsu sun tafi, mata ta tafi, ashe kunne ma zai bi su?

Auta ta zo ta ɗauko ɗan littafin da ke cikin kwali, ta daɗe tana karantawa.

"Baba, ba kunnenka ba ne. Ranar da na danna maɓallin nan, ɗakin ya auna, da duk wanda ke kusa da shi. Ya auna har da Mama a kujera. Yanzu yana jin babu ta, shi ya sa komai ya goce." Ta share hanci. "Abu ne mai sauƙi. A sake dannawa, ya yi sabon awo."

"Tsohon awon fa?"

"Sai ya manta shi."

Ya ɗora karkataccen hannunsa a kan maɓallin, ya rufe shi ruf. Kayanta an raba, ƙamshinta ya bar matashin kai. Duk faɗin duniya wannan ɗan akwati ne kaɗai bai yarda ta tafi ba, kuma ga shi ana cewa shi da kansa ya gaya masa ta tafi.

Ya yi dabara iri-iri. Ya tara matasan kai a kujerar ya lulluɓe su da mayafi, abin bai ruɗu ba. Ya sa Auta ta zauna.

"Ƙara matsowa. Uwarki ta fi ki jiki."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Muryar ta kusa daidaita, amma kusa ba ta kai ba. Ya san in bai danna ba, ba zai yi kiɗanta a gaban mutane ba. Ya kuma san ba zai iya dannawa ba. Haka kwanakin suka ƙare, yana tsaye tsakanin biyun, babu yadda ya iya.

Ranar wasan ya kafe sai an tafi da kujerar. Auta ba ta yi musu ba, ta sa ta a bayan mota. Suka ajiye ta a kan dandamali, dab da teburin, daidai yadda take a gida. Shi kansa bai san abin da yake fata ba. Mai ganga, ɗaya daga cikin tsofaffin abokan nasa, ya hango shi, ya ja shi gefe yana masa ta'aziyya, ya riƙe masa hannu ya ƙi saki.

Da ya dawo, ya tarar da mai kula da sauti, wani mutum mai fara'a da waya rataye a wuya, yana goge hannu a wando. Kujerar tana can jikin bango.

"Baba, na ga abinka ya goce, na sake maka awo. Minti ɗaya ma bai ɗauka ba. Gwada ka ji."

Auta ta toshe baki da hannu. Me za a ce wa mutumin da ya yi maka alheri? Mai Jita ya juya ya dubi kujerar. Aka kira sunansa, mutane suka fara tafi.

Ya ɗaga hannu taƙi ɗaya daga ƙarfen. Muryar ta fito tas, daidai inda ya bar ta. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka, kiɗan ya miƙe babu tuntuɓe ko ɗaya. Hawaye na zuba masa har cikin wuyan riga, ga hannu biyu a sama, in ya sauke ɗaya ya share, kiɗanta ya lalace. Ya bar su suna zuba.