Motar da Ta Fi Ƙofa Tsawo

Gambo bai iya yin abu ya tsaya daidai ba, ciwonsa ke nan tun yana yaro. Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama ya sayo tsohuwar a-kori-kura a Gusau, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda masu sayen auduga suka gaji da ita. Ya kawo ta Bungudu, ya shigar da ita garkar gidansu ta babbar ƙofar da marigayi mahaifinsa ya gina don jakai masu kaya. Da ƙyar ta shige, amma dai ta shige.

Sai kuma ya ga ta yi masa ƙasa. Hanyar ƙauye da damina, in ji shi, mota mai dogayen ƙafafu take so. Ya kira Bashiru bakanike, suka yi ta cusa mata ganyen sifirin na babbar mota har ta miƙe kamar raƙumi. Kowa ya leƙo sai ya yaba. A cikin masu yabon nan babu wanda ya ɗaga kai ya dubi azarar ƙofa.

Wata Laraba da hantsi, bayan ruwa ya kwana yana zuba, ɗan aike ya iso daga wani ƙauye can bayan Tsafe. Kawu Yari, ƙanen Inna Delu mahaifiyar Gambo, ya daina ci, sunan yayarsa kaɗai yake kira. Motar haya ba ta shiga ƙauyen da damina, Inna Delu kuwa gwiwoyinta ko bakin rijiya ba sa kai ta. Ta ɗaura ƙunshinta, ta zauna kan turmi tana jira.

Gambo ya tada mota yana jin kansa. Yana zuwa ƙofa rufinta ya daki azara, jar ƙasa ta zubo kan gilashi.

Tazarar ɗani ɗaya ce ta hana ta wucewa. Suka sace iskar tayoyi, bai isa ba. Aka kira maƙwabta suka cika bayan motar don ta duƙa, har da Lukuman mahauci, wanda shi kaɗai ya kai buhu biyu. Ta duƙa kuwa, amma cikin laka. Tayoyin baya suka yi ta juyawa wuri ɗaya. Gambo ya danna giyar ƙafa huɗu, aka ji wata ƙara, farfelar gaba, sandar ƙarfen da ke juya tayoyi, ta zame, don ɗagawar da suka yi ta riga ta miƙar da ita iyaka.

Bashiru ya kwanta cikin taɓo ya mai da ita. Ya fito yana goge hannu.

"Ta kama, in an bi ta sannu. Amma hidda ganyen nan, Malam Gambo, sai gobe in Allah ya kai mu."

Gambo ya tsaya tsakanin mota da bango, zufa na bin bayansa. Ya san saura hanya ɗaya, kowa a wurin ya sani, ba wanda ya furta. Duk ginin gidan an sake shi, ƙofar nan ce kaɗai ta rage daga hannun mahaifinsa. Can sama har yanzu ga sawun yatsun tsohon a jikin yaɓe. Kullum ya fito sai ya kalle su. Kunya da baƙin ciki suka cika shi, don ba wani ya kulle shi a nan ba, shi ya kulle kansa.

Inna Delu ta taso tana dafa bango.

"Mi munka tsaya jira, Gambo?"

"Inna, ƙohwar Baba ce."

"Na hi ka sani. Ni niɗ ɗebo ruwan da anka kwaɓa ƙasatta." Ta numfasa. "Ubanka ya riga ya tahi. Yari na nan da sauran numhwashi. Hwasa ta."

Ya karɓi galma a hannun Lukuman, ya hau kan motar. Saran farko bai yi ƙarfi ba. Na biyu ya tsaga yaɓen, daga nan ya rufe ido ya ci gaba har azara ta faɗo. Inna na tsaye gefe, ƙasa na faɗuwa kusa da ƙafarta, ko motsi ba ta yi ba. Wannan ya ƙona masa rai fiye da saran.

Aka hura tayoyi, aka tura motar ta fito. Sai da aka jawo turmi Inna ta taka kafin ta iya hawa, saboda tsawon da ɗanta ya ƙara.

Suka kama hanya, suka wuce Gusau. Farfela na kuka a ƙasa, Gambo na lallaɓa ta. Wajen hawan wata gada ya kai hannu zai sauya giya, idonsa ya faɗa kan cinyar mahaifiyarsa. A ƙarƙashin ƙunshinta tana riƙe da ɓallin jar ƙasa mai gurbin yatsu. Ta jera nata yatsun a ciki, idonta na kan hanyar Tsafe.