Minti Arba'in na Injiniya

Shekara goma sha tara Injiniya ya yi yana kula da sadarwar kwamfutocin kamfanin, kuma duk tsawon lokacin nan da baƙin allo da farin rubutu yake aiki. Umarni yake bugawa da yatsunsa, layi bayan layi. In ya ga wani yana latsa hotuna a shafi wai yana saita na'ura, sai ya taɓe baki ya ce wasan yara, ya wuce abinsa. Mutanen ginin suna cewa yana da ji da kai. Shi ma ya san da haka, sai dai a ganinsa da guminsa ya samo shi.

A hawa na biyu, bayan matakala, akwai wani ɗaki marar taga mai sanyi har cikin ƙashi. A nan babban suwic yake, wani akwatin ƙarfe mai ƙananan fitilu kore. Duk wayar da ta fito daga kwamfuta ko tarho ko firinta a hawa biyar ɗin ginin, a jikinsa take ƙarewa. In ya mutu, ko wasiƙa ɗaya ba mai iya aikawa.

Ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya aka sa taro. Manaja ta gayyato wani kamfanin waje da ke son karɓar aikin gaba ɗaya, ya riƙa saita komai daga nesa da manhajarsa. An ba Injiniya minti goma ya faɗi abin da zai sa a bar shi a kujerarsa. Ba da wannan lafazin aka gaya masa ba, amma shi ba yaro ba ne. Shekararsa hamsin da huɗu, 'yan biyunsa suna ajin ƙarshe a sakandare, kuma ya san ba layi ake yi a waje ana neman mai furfura ba. Yana jin tsoro, ko matarsa bai gaya wa ba.

Da safiyar ranar aka kawo masa wani ɗan aiki. Ma'aikatan sito sun koma hawa na huɗu, suna bukatar a buɗe wa kwamfutocinsu hanya a kan babban suwic. Mai hankali zai bari sai an tashi daga taro. Injiniya kuwa so yake ya shiga ɗakin taron ya ce ko da safen nan ya taɓa zuciyar ginin, kuma ba wanda ya ji ko ɗar.

Yana da wata al'ada da yake taƙama da ita. Kafin ya canza komai a suwic daga teburinsa, sai ya fara umartarsa da ya kashe kansa ya tashi bayan wasu mintoci. In ya yi kuskuren da ya yanke shi daga na'urar, lokaci na cika za ta tashi da tsohon saitinta, komai ya koma yadda yake. In aiki ya yi kyau, sai ya soke umarnin, ya adana sabon saiti. Igiyar da mai shiga rijiya ke ɗaurawa a ƙugu, haka yake kiran abin. Ƙarfe goma da rabi daidai ya buga reload in 40, wato suwic ya kashe kansa ya tashi bayan minti arba'in, ya yi layukansa huɗu, ya kira hawa na huɗu aka ce masa komai yana tafiya. Saura sokewa da adanawa kawai, aikin daƙiƙa biyar, sai wayarsa ta yi ƙara.

Matarsa ce, muryarta a sama. Bututun ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya fashe, ruwa ya kai falo, ta rasa inda ake rufe shi.

"Baban 'yan biyu, kai da kake gyara wa duniya kaya, gidanka na nutsewa."

Nan ya miƙe, ya shiga ba da umarni irin na manyan injiniyoyi. Ta janye injin wanki, ta duƙa, ta nemi jan hannu, ta murɗa shi dama. Ta ce ba ja ba ne, shuɗi ne. Ya ce ja ne, shi ya sa shi da hannunsa. Shuɗi ne. Kafin ruwan ya tsaya an ci minti goma sha biyar. Ya ajiye waya yana jin kansa gwarzo sau biyu a safiya ɗaya, ya rufe kwamfutarsa, ya tura ta cikin jaka, ya tafi banɗaki ya gyara wuyan riga a madubi.

A ɗakin taro Manaja na zaune a bakin tebur da tabarau a kan hanci, kusa da ita wakilin kamfanin waje, wani mai kwat mai yawan murmushi. Injiniya aka fara ba wa dama. Ya yi magana a kan hannu da ido, ya ce manhaja ba ta san gini ba, ba ta san wace waya ɓera ya taɓa ci ba. Ya ga Manaja tana gyaɗa kai, sai bakinsa ya ƙara buɗewa. A daidai lokacin, ta kwamfutar da ke can cikin jakarsa, suwic ya so ya gargaɗe shi cewa saura minti biyar, sannan saura minti ɗaya, amma ba kowa a gaban allon.

"Ranki ya daɗe," ya ce, yana ɗaga yatsa, "yau kwana dubu ɗaya da ɗari huɗu da shida ke nan suwic ɗin nan bai mutu ba ko na ƙiftawar ido."

Tarhon da ke tsakiyar tebur ya yi wani ɗan ƙara, fuskarsa ta yi duhu. Babban allon bango ya daskare. Daga baranda aka fara jin ƙofofi na buɗewa, mutane suna tambayar juna ko naka ma ya ɗauke. Injiniya ya dubi agogon bango, sha ɗaya da minti goma. Sai a lokacin ya tuna umarnin da bai soke ba, yatsan nan nasa har yanzu yana sama.

Da gudu ya sauka, abin da gwiwoyinsa suka manta da shi tun tuni. A ɗakin sanyi ya tarar da fitilun suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tarar da Baba mai lantarki tsaye a gaban akwatin wuta da sukundireba a hannu. Baba dattijo ne da ake sabunta wa kwantiragi duk shekara, kuma jiya ya canza wani makunni a wannan ɗakin. Minti bakwai ginin ya yi a kashe. Kafin komai ya gama dawowa, Manaja ta iso da mai kwat a bayanta.

Mai kwat ya leƙa, ya ce da alama wuta ce ta ɗan girgiza. Manaja ta tambayi wanda ya taɓa wutar ɗakin a kwanan nan. Baba ya cire hularsa ya ce shi ne, ya ce ya gwada komai jiya lafiya lau, amma Allah ne masani, ta yiwu hannunsa ne. Manaja ta ce ya same ta a ofis da ƙarfe biyu, da irin muryar da kowa a ginin ya san ma'anarta.

Na'urar tana rubuta duk abin da ya same ta, da sunan wanda ya ba da umarni, amma Injiniya kaɗai ke da kalmar sirrin shiga ya karanta. Shiru kawai zai yi. Har ya ji jawabinsa yana gyaruwa da kansa a cikin kai: kun gani, ba daga gare ni ba ne, wuta ce. Ya tsaya yana kallon takalminsa, Baba yana murza hula a gefensa, kuma shirun ya yi tsawon da har yau in ya tuna yakan ji kunya.

Zai so a ce tausayin Baba ne kaɗai ya buɗe masa baki. Gaskiyar magana, tausayin yana nan yana cin sa, amma bai isa ba sai da mai kwat ya ƙara da cewa tsofaffin na'urori dama haka suke, ɗan abu kaɗan sai su faɗi. Wannan ne Injiniya ya kasa haɗiyewa.

"Lafiyar suwic ɗin nan ƙalau, kuma wutar Baba ba ta motsa ba," ya ce. "Ni na ce wa suwic ɗin ya kashe kansa bayan minti arba'in. Na manta ban ce ya fasa ba."

Manaja ta cire tabarau ta dube shi. "Kai ka ce masa?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Da hannuna."

Baba ya mayar da hularsa a hankali, ya fita. Aka kira daga hawa na huɗu cewa kwamfutocin sito sun sake ɗaukewa, tunda saitin safiya ya ɓace, ba a adana shi ba. Injiniya ya zauna a ƙasa, ya jona waya, ya sake buga layukan nan huɗu a gaban kowa.

Ƙarfe biyu shi ya shiga ofishin Manaja a madadin Baba. Ta gode masa da ya faɗi gaskiya, kuma ya ga har zuciyarta take faɗa. Sannan ta ce abin da ya faru shi ne ainihin abin da take tsoro, gini guda a rataye a kan tunanin mutum ɗaya. Za a sa hannu da kamfanin waje. Yana da wata uku ya miƙa musu komai. Ya san da shi ne a kujerarta, da haka zai yanke.

Da yamma mai kwat ya same shi a ɗakin sanyi, wannan karon ba murmushi. Ya ce dabarar igiyar nan dabara ce mai kyau, su ma suna amfani da ita, sai dai manhajarsu ita ke sokewa da kanta. Ya ce in ba damuwa, zai so ya fara leƙa saitin tun yau.

Injiniya ya yago gefen takarda daga littafinsa. Tun da ya fara aiki a ginin nan bai taɓa rubuta kalmar sirrin a ko'ina ba, yatsunsa ne suka san ta, har sai da ya buga ta a iska kafin ya iya tuna haruffan. Ya rubuta, ya miƙa. Mai kwat ya duba, ya juya takardar ya dubi bayanta.

"Shi ke nan, yallaɓai?"

"Shi ke nan," in ji Injiniya, ya matsa gefe ya ba shi kujerar.