Haƙarƙarin Ibtisam

Shekara shida Malam bai ci komai daga hannun autarmu Ibtisam ba. Tun ranar da ta kama aikin girki a wani otal a Abuja, ya ji an ce ana sayar da giya a wurin, ya rantse. Ko dabino ta aiko, almajiransa ke cinyewa. Ni uwarta ina tsakiya, ina shan baƙin cikin kowane ɓangare.

Azumin bara ciwo ya kwantar da shi. Ya rame, haƙoransa saura ƙalilan, tuwo ma sai na dama masa ruwa-ruwa. Ana saura kwana uku Sallah ya sa aka auni shinkafa aka ciyar da miskinai goma a ƙofar gida. Na tambaye shi sadakar mece ce.

Ya ce, "Kaffarar rantsuwa ce. Ki gaya wa yarinyar nan ta zo. Abin da ta dafa da hannunta zan ci."

Malam ba mai maimaita magana ba ne. Na shiga ɗaki na yi kuka, sannan na kira ta.

Ta iso unguwarmu Kusfa ranar jajibere da wani akwatin gashi mai aiki da gas, sai da ƙarti biyu suka ɗauko shi daga bakin titi, don mota ba ta shiga lungunmu. Da kanta ta je mahauta ta tsaya a kan mahauci har ya yanko mata haƙarƙarin bijimi, ƙashi huɗu a haɗe, da kitsensa a sama. Na ce a kawo wuƙa mu yayyanka. Ta riƙe hannuna.

"A'a Inna, haka ake gasa shi, dunƙule guda. Zai yi taushin da Baba zai ci ko ba haƙori."

Ta shafe shi da gishiri da masoro da tafarnuwa, ya kwana a firij. Da aka sauko Idi ta saka shi a akwatin da 'yar wuta kamar ta fitila. Awa uku tana tsugune a gabansa, tana soka masa wani ƙarfe mai agogo a ka, sai ka ce majinyaci. Ni dai ina kallo. Shekara arba'in ina sarrafa nama a gidan nan, ban taɓa ganin an auna masa zazzaɓi ba.

Da aka kira azahar ta fito da shi. Bayansa ya yi jawur, ƙamshi har zaure. Ta rufe shi a tire ta ce, "Sai ya huta rabin awa. Don Allah Inna kada a taɓa." Ta tafi wanka da salla.

Nama ne zai huta? Na ce bari dai in duba. Na sa wuƙa na yanki gefe, na ƙara yanka ciki. Cikinsa ja ne, ruwa ja-ja yana tsatsowa a kan tiren.

Na san Malam. Mutumin da yake sa a wanke nama sau uku saboda jini, shi za a ajiye wa wannan a gaba? Zai ce ga abin da otal ya koya mata, ɗanyen nama irin na masu shan giya. Na ga shekara shida za su koma sabuwa. Wallahi taimakonta na yi niyya.

Kaskon da na soya kaji yana kan murhu, man bai huce ba. Na daddatsa naman na watsa a ciki, na ƙara wuta, na soya shi ƙayau yadda na saba, na barbaɗe da yaji.

Ibtisam ta fito da hijabin sallarta. Ta dubi tiren, ta dubi kaskon. Da ta yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ya dahu fa, Inna. Ba jini ba ne." Kafin in ba ta amsa Malam ya yi gyaran murya daga ɗakinsa, yana jiran abinci.

Ita ta ɗauki kwanon, ina biye. Ta durƙusa ta ajiye. Ya yi bisimilla, ya ɗauki yanka ɗaya, ya daɗe yana juya shi a baki. Ya ciro shi ya ajiye a gefen faifai.

"Wa ya soya wannan?"

Tsoro ya kama ni, na ce, "Ibtisam ce, Malam."

Ya dube ta. "Ke ce?"

Ta kalle ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Baba."

Ya ce, "Shekara arba'in ina cin suyar uwarki. Na yi kaffara don in ci na hannunki, sai kika kawo mini ƙarya." Ya ture kwanon, ya juya fuskarsa bango.

Na fara bayani, ya ɗaga hannu. Na sake gwadawa da la'asar, da washegari, ya ce uwa dama ba ta rasa abin da za ta kare 'yarta da shi. Ibtisam ta koma Abuja ranar uku ga Sallah. Ta bar akwatin, ta ce za ta dawo da layya ta sake gasawa, a gabansa.

Malam ya rasu sha ɗaya ga Zulƙida.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ranar Sallar da yamma na je wanke tiren, na tarar da yankan farkon nan da na yi, wanda bai shiga kasko ba. Na rufe ido na sa a baki. Ya yi sanyi, amma ban tauna ba, da harshe kawai na danna shi ya narke.